Sabulun Da Ya Raba Uwa Da 'Yarta

"Wayyo Allah na... ta ƙone!"

Baƙuwa ta ja da baya daga bakin robar tana toshe hanci da gefen mayafi, idanunta na zubar da ruwa, ita kanta ba ta san ko hawayen takaici ne ko yajin tururin da ke tashi ba. Madarar kwakwar da ta ɓata safiya guda tana gogawa har magogi ya ɗaye mata yatsu, ta matse ta tace ta fito fara sol, ga ta nan a gabanta ta koma ruwan ƙasa, tana tafasa ita kaɗai ba wuta a ƙarƙashinta, tana fitar da wani wari mai hawa kai. Sodar haɗa sabulu ta juye cikin madarar gaba ɗaya a lokaci guda, kuma da kofin shayi ta auna, don ba ta da sikeli. Ta tsaya hannu a ka. Da ta tuna irin wahalar da ta sha kafin ta haɗa man da kwakwar, sai ta kasa zubarwa. Ta tuttula man a kai, ta yi ta juyawa da muciya har kafaɗarta ta riƙe, ta juye a kwalin da ta shimfiɗa wa leda, tana fatan ko Allah zai sa ya gyaru.

Ƙofar ɗakin gaba ta buɗe da ƙarfi. Gwaggo ce ta fito tana tarin ƙarya, ta riƙe ƙugu.

"Ke! Wace irin masifa kike dafa mana a gida? Kin cinye mini ƙane bai ishe ki ba, sai kin haɗa da mu?"

"Ki yi haƙuri Gwaggo, sabulu nake koyo... saboda jikin Kurciya."

"Sabulu! Ji min mata! Wadda ba ta san ƙofar gidan ubanta ba ita ce za ta san haɗa sabulu? Ƙazantarki ce ta ɓata jikin yarinyar nan, ba wani abu ba."

Baƙuwa ta sunkuyar da kai. Allah sarki! Ai ba yau ta fara haɗiye irin wannan ba. Marainiya ce da ta tashi a hannun wannan da wancan, har ranar da aka kawo ta gidan nan babu wanda ya biyo ta ya ce shi nata ne, shi ya sa dangin miji suka laƙaba mata Baƙuwa, sunan ya bi ta. Mijin nata, Ƙarami, shi ne autan gidan, makaniki ne mai fara'a da ba ya barin kowa ya ɗaga mata murya. Ranar da jak ɗin ɗaga mota ya zame motar ta danne shi a gareji, ranar inuwarta ta faɗi. Ya bar ta da ɗaki guda a gidan gado, da 'yar da ya raɗa wa Kurciya saboda irin gurnanin da take yi in tana barci a ƙirjinsa. Gwaggo kuwa yayarsa ce, ita ta goya shi, kuma tun ranar farko ba ta yafe wa Baƙuwa shiga tsakaninsu ba. Yanzu abu biyu take so, ba ta ma ɓoyewa: 'yar ƙanenta ta dawo hannunta, ɗakin kuma ta zuba kwanukan da take sayarwa. Abin da ya tare mata hanya shi ne babban wansu, Baffa, wanda yake zaune a ɗaya gefen garin da iyalinsa, don ya riga ya ce uwa da 'ya suna nan daram sai in ita uwar ce ta ce za ta tafi.

Kurciya ba ta daɗe da barin nono ba, maganarta ma ba ta wuce kalma ɗaiɗai ba, amma ta san azabar ƙaiƙayi fiye da manya. Wuyanta, bayan gwiwoyinta, da lanƙwasar hannunta duk sun yi ja sun farfashe, tana susa har jini ya fito, tana kuka tana miƙa wa uwarta wurin. Nas ta ce a daina yi mata wanka da sabulu mai turare, wanda ta rubuta kuwa ya fi ƙarfin mai sharar makarantar raino, don aikin Baƙuwa ke nan. A can makarantar ne Mai Girki, wata dattijuwa mai barkwanci da ke dafa wa yara abinci, ta taɓa ce mata ta koyi yin sabulun madarar kwakwa a wata cibiyar koyar da mata sana'a, mai laushi ne, ba turare ba kala. Tana yanka albasa take lissafa mata kayan haɗin sama-sama, ita kuwa uwa da zumuɗi ya ci ta, ba ta jira an zauna da ita ba.

Da haɗin cikin kwalin nan ya daskare, Baƙuwa ta kai wa Mai Girki ɗan yanki. Dattijuwar ta juya shi da tsinke, yana marmashewa, ga wani farin gari a kansa, ga 'yan ramuka masu tsattsafo da ruwa. Ta jiƙa yatsa ta ɗan taɓa, nan take ta ruga famfo.

"La'ilaha! 'Yar nan, wannan ai garwashi kika haɗa! Soda ta yi yawa, ko shekara zai yi ba zai huce ba. Da kin shafa wa yarinya wannan da yanzu wata maganar ake yi." Ta ga fuskar Baƙuwa ta kwaɓe za ta yi kuka, sai ta dungure mata kai. "Kai, ji ta! Ni na farkon da na yi ko kare bai yarda ya shinshina ba. Kada ki zubar a bola yara su tsinta. Ƙulle shi ki ɗora inda hannu ba ya kaiwa, in na samu sarari zan zo in nuna miki yadda za mu narke shi ya zama na wankin daɓe."

Ta ara mata sikeli da safar hannu da wani tsohon tabarau, ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla: a sa madarar a firji sai ta zama ƙanƙara, a riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan ana juyawa, a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kada a kuskura a yi a tukunyar dalma. Baƙuwa ta koma gida ta ƙulle mugun sabulun a baƙar leda, ta taka kujera ta cusa shi can saman katanga bayan tankin ruwa. Ba ta lura da labulen ɗakin gaba da ya ɗan motsa ba...

Ranar hutu ta sake gwadawa. Ta jira Kurciya ta yi barcin hantsi, ta ja mata ƙofa, ta fito da kayanta bayan ɗakin girki. Ta auna komai a sikeli, ta sake aunawa, ta yi bisimilla ta barbaɗa sodar farko a kan ƙanƙarar madarar. Ta juya... ta dakata... ba tururi, ba wari. Ta ƙara kaɗan. Ƙanƙarar ta riƙa narkewa a hankali, launin bai wuce fari mai ɗan duhu ba. Sai da sodar ta ƙare tas sannan ta saki numfashin da ta riƙe. Ta tsiyaya ruwan cikin man kwakwa da na zaitun, ta kama juyi, gumi na bin bayanta, tabarau na zamewa a hancinta, har haɗin ya yi kauri, in ta ɗiga daga bakin muciya sai ya bar sawu a sama. Da ta yanka shi bayan ya daskare, wuƙa ta ratsa shi sumul, fari ƙal kamar a gatsa. Ta jera yankan a kan allo a saman sif don su sha iska na 'yan makonni kamar yadda aka ce mata, ta ɗaga Kurciya tana nuna mata.

"Kin ga naki? Saura ƙiris, 'yar Baba. Saura ƙiris ki huta."

Ashe ba hutu ne ke tafe ba!

Cikin satin Shugabar makaranta ta kira ta ofis. Iyayen yara sun yi ƙorafi, wai ƙurajen 'yar mai shara za su shafi nasu. Baƙuwa ta rantse nas ta ce ba a ɗauka, amma Shugaba ta ce ko dai ta bar yarinyar a gida ko ta bar tsintsiyar. Ta dawo tana kuka a hanya, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Abin mamaki, Gwaggo ce ta tarye ta da murya mai sanyi.

"Haba, meye na kuka? Ni ba uwa ba ce? Bar min ita ki tafi aikinki."

Zuciyarta ta ce kada ta yarda, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari ta sumbaci goshin 'yarta ta fita tana waiwaye.

Rana ba ta kai tsaka ba wata maƙwabciya ta faɗo makarantar ba ko sallama. "Ki zo! An tafi da 'yarki asibiti!"

Ba ta san lokacin da ta yar da bokiti ba, ba ta san da takalmi ɗaya ta isa ba. Tun daga barandar asibitin ta jiyo muryar Kurciya, ta riga ta dishe, ba ta fita sai kamar ta ɗan kyanwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Bayan Kurciya da cinyoyinta sun yi jajir, wuraren da dama suke a farfashe sun saluɓe, nas biyu na ta kwarara musu ruwa. Baƙuwa ta yi kanta za ta rungume ta, Gwaggo ta tare ta da ƙirji ta hankaɗa ta har ta bugi bango.

"Kada ki taɓa ta, azzaluma! Jama'a ku gani!" Ta ɗaga kwandon sabulun Baƙuwa, ga yankin mugun sabulun nan a ciki, a jiƙe. "Yarinya ta ɓata jikinta, na shiga ɗakin uwarta na ɗauko abin da take mata wanka da shi. Ina sa mata ta ƙwalla ƙara! Ashe da guba take wanke ta kullum, shi ya sa jikin ya ƙi warkewa!"

"Wallahi ba a nan na ajiye shi ba! Na ƙulle shi a leda na ɗora a katanga... Gwaggo ki ji tsoron Allah!"

"Wa ya haɗa shi?"

Muryar Baffa ce. Yana tsaye a bakin ƙofa, an kira shi daga wurin aiki, idanunsa sun kaɗa.

"Baffa, ni na haɗa, amma..."

"Ke kika haɗa. Kwandon na waye?"

"Nawa ne, amma wallahi..."

"Ya isa!" Ya ɗaga hannu. "Na tsaya miki saboda ƙanena. Abu guda ya bari a duniya, kin ga yadda kika mayar da shi. Yarinya ta koma hannun gwaggonta. Ke kuma kada yamma ta same ki a gidan ubanmu."

Ta zube a gabansa ta kama ƙafar wandonsa. "Baffa ka dake ni, ka kore ni, amma kada ka raba ni da ita! Ba ni da kowa sai ita... don darajar kabarin Ƙarami!" Ya zame ƙafarsa ya juya baya. Daga kan gado Kurciya ta miƙo hannu tana cewa, "Umma... zafi... zafi..." Aka ja labule tsakaninsu.

Ta koma kwashe kayanta ta tarar Gwaggo ta riga ta aiko an watso su tsakar gida. Farin sabulun nan da ta zuba wa ido da rai, an karkaɗe allon cikin kwata, ƙazamin ruwa na bi ta kansa. Matan layi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, wata ta ja ɗanta ta ɓoye a bayanta. Kafin gari ya waye labari ya riga ta isa makaranta. Shugaba ba ta ko bar ta ta shiga aji ba, ta ce wadda ta ƙona 'yar cikinta ba za a bar ta kusa da 'ya'yan mutane ba. Mai Girki ce kaɗai ta cire gyalen girkinta ta bi ta har titi.

"Ina za ki?"

"Ban sani ba, Inna."

"To ni na sani. Wuce mu je. Ɗakina ƙarami ne amma ya ɗauki mutum biyu in ba mai minshari."

Haka Baƙuwa ta zauna a ɗakin dattijuwar, abinci ba ya wuce mata maƙogwaro, ta rame ta zama kamar a hure ta ta faɗi. Kullum sai ta je ta laɓe a bayan wata rumfar mai faci da ke kallon gidan, ko Allah zai sa a fito da yarinyar. Wata rana ta hango ta a zaure, an zaunar da ita ita kaɗai, wuya duk ya yi tsawo, tana susa da hannu biyu. Ta yunƙura za ta tsallaka titi, sai ga Gwaggo ta fizge yarinyar ta banko ƙofa. A nan bakin kwata Baƙuwa ta durƙushe ta ɗaga hannu sama. "Ya Allah, kai ka ga abin da ban gani ba. Ba ni da uba, ba ni da miji, ba ni da mai shaida sai kai. Ka bi mini hakkina, ka tsare mini marainiyata!"

Mai Girki ta kawo kwakwa ta ajiye mata a gaba. Baƙuwa ta kau da kai, ta ce ita da sabulu har abada.

"Sabulu ne ya taka kujera ya sauko daga katanga?" in ji dattijuwar. "Tashi ki goge. Yarinyar nan za ta dawo, kuma da fatarta za ta dawo. So kike ta zo ta tarar ba ki tanadar mata komai ba?"

Da kuka ta goge kwakwar, da kuka ta juya haɗin. Ya fito fari kamar wancan. Da ya sha iska ya bushe, a jikinta ta fara gwadawa, sannan Mai Girki, sannan jikokin Mai Girki, babu wanda ya ce ko cizon sauro ya ji.

A can gidan kuwa al'amari ya ƙi daɗi. Ƙunar ta warke ta bar tabo, amma Kurciya ta daina cin abinci, ta daina 'yar maganar da take yi, in ta ga Gwaggo ta ɗauki bokiti sai ta sandare tana ihu har numfashinta ya ɗauke. Baffa ya zo duba ta ya ga ƙasusuwan haƙarƙarinta a waje, ya ɗauke ta ya ji kamar ya ɗauki tsumma. Jikinsa ya yi sanyi. Ya ce ko kuskure uwar ta yi, horon ya isa haka, kada a kashe yarinya da kewa. Ya aika a kira Baƙuwa ta zo ta gan ta a gabansa, in ya ga hankalin yarinyar ya kwanta, zai duba yiwuwar mayar mata da ita. Gwaggo ta yi tsalle ta dire, ya ce ya gama magana.

Ranar da aka sa, da la'asar, Baƙuwa ta shigo gidan kamar mai taka ƙaya. Gwaggo ta caje ta tun daga ɗankwali har gefen zani, wai kada ta shigo da wata gubar. Aka fito da Kurciya. Yarinyar ta tsaya tana kallonta kamar ba ta gane ba, leɓenta ya fara rawa... sai ta saki wani irin kuka ta taho da gudu tana tuntuɓe. "Umma! Umma!" Uwa da 'ya suka ƙanƙame juna a ƙasa, har Baffa sai da ya juya yana goge ido da hula. A cinyar uwarta ta cinye abincin da aka yi kwanaki ana fama da ita a kansa, ta yi barci tana riƙe da bakin mayafinta. Da lokacin tafiya ya yi, a hankali Baƙuwa ta zare mayafin ta miƙa ta.

"Jibi ki dawo da shirin ɗaukarta," in ji Baffa. Gwaggo ta yi wani murmushi wanda bai kai ido ba.

Baffa ya rako ta har bakin titi inda ya ajiye babur ɗinsa. Yana cikin yi mata nasiha a kan ganganci, sai ƙara ta tsaga layin. Baƙuwa ta daskare.

"Farkawa ta yi ba ta gan ki ba," in ji shi. "Ki tafi, za ta yi shiru."

Ƙarar ta sake tashi, siririya, mai tsinka zuciya.

"A'a Baffa... wannan ba kukan nema ba ne. Wannan irin kukan da ta yi a asibiti ne!"

Ta kwasa da gudu, ya bi ta yana kiranta. Tsakar gida ba kowa, ƙofar banɗaki a kulle ta ciki, daga nan ihun ke fitowa, da muryar Gwaggo ƙasa-ƙasa tana cewa, "Yi shiru don ubanki! Ɗan kaɗan ne, gobe ki warke!" Baƙuwa ta doki ƙofar da kafaɗa ba ta motsa ba. Baffa ya janye ta gefe ya sa ƙafa, sakata ta yi tsalle.

Abin da suka gani ba zai bar idon Baffa ba har ya koma ga Allah. Gwaggo a tsugune, ta matse yarinyar tsakanin gwiwoyinta, ta ɗage mata riga. Hannunta na dama a naɗe cikin leda har wuyan hannu, don kada sabulun ya taɓa fatarta, tana riƙe da guntun mugun sabulun nan a jiƙe. Ga sauran a baƙar leda a gefen bokiti.

"Yaya... ba... ba abin da kake zato ba ne. Uwar ce ta shafa mata wani abu, nake wanke..."

"Da leda a hannunki?" Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba. "Kin san yana ƙuna kika rufe naki hannun, kika buɗe bayan 'yar Ƙarami?"

Baƙuwa ba ta tsaya jin su ba. Ta fizge 'yarta ta tara ta a bakin famfo ta sake ruwa gaba ɗaya, tana wanke wurin tana salati. Allah ya taƙaita, shafa guda aka yi. Gwaggo ta zabura za ta tsere ta gefen wanta, santsin kumfa ya kwashe ta ta faɗi, gumi da ruwa suka shiga mata ido, cikin ruɗewa ta kai hannun nan mai leda ta murje fuskarta. Ihun da ta kurma sai da ya tara layin gaba ɗaya.

"Idona! Wayyo idona! Ku taimake ni!"

Matan da suka cika ƙofa babu wadda ta motsa, duk sun ga ledar, sun ga sabulun, sun gane. Baƙuwa ce ta miƙa wa wata 'yarta, ta jawo kan Gwaggo ƙarƙashin famfo.

"Buɗe idon! Kada ki murza, buɗe ruwa ya shiga! Baffa nemo mota!"

A asibiti likita ya yi iya ƙoƙarinsa, ido ɗaya ya tsira da dishi-dishi, ɗayan kuwa ya tafi ke nan. Nas ɗin da ta karɓi Kurciya a karon farko ita ta ƙi yarda a rufe maganar a matsayin ta cikin gida, ta kira hukuma, Baffa da kansa ya ba da shaida yana kuka. Daga gadon asibiti aka wuce da Gwaggo, bandeji a fuska, ba ɗan'uwa ko guda da ya raka ta. Wanda zai gina ramin mugunta dama an ce ya gina shi gajere.

Baffa ya zo har ɗakin Mai Girki, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, dattijo da furfurarsa.

"Na zalunce ki, 'yata. Kin rantse ban saurare ki ba. Ban san da wane ido zan kalli ƙanena gobe ƙiyama ba."

"Baffa ka daina, don Allah. Abin da aka nuna maka ka gani. Na yafe... ni dai tunda ga ta a bayana, na yafe."

Shi ya ɗauki kayanta a kansa ya mayar gidan, ya ba ta ɗakin gaba ma ya ce ta riƙa shanya sabulunta a ciki. Shugaba ta aiko har sau biyu ta koma aiki, Baƙuwa ta yi godiya ta ce hannunta ya cika, don matan layin da suka ɓoye mata 'ya'yansu su ne yanzu ke sallama a ƙofarta suna sunkuyar da kai, kowace na neman sabulun jaririnta. Mai Girki ta ce in dai ba a sa ta a cikin masu cin riba ba za ta kai ƙara, aka yi ta dariya.

Abu guda ne ya rage mata, shi ne ya fi tsaya mata a rai. Kurciya ba ta yarda da wanka. Ko kumfa ta gani a hannun wani sai ta ruga bayan ƙofa tana makyarkyata. Baƙuwa ba ta taɓa tilasta mata ba. Da tsumma mai ɗumi take goge mata jiki, sannan ta zauna a gabanta da roba, ta wanke nata hannun da fuskarta da farin sabulun tana 'yar waƙa, ta zubar da ruwan ta tashi. Yau haka, gobe haka, har aka daɗe.

Wata safiya tana cikin yi, sai ta ji ɗan numfashi a kafaɗarta. Ba ta waiwaya ba, ta ci gaba da murza kumfar. Wani ɗan yatsa ya miƙo a hankali ya taɓa kumfar da ke bayan hannunta ya janye da sauri. Yarinyar ta ƙura wa yatsan ido, tana jiran abin da ta saba ji. Shiru... Ta sake taɓawa. Ta ɗago ta dubi uwarta da manyan idanunta.

"Umma... ba zafi."

"Ba zafi, 'yar Baba," in ji Baƙuwa, hawaye na sauka cikin robar. "Wallahi ba zafi."

Kurciya ta tsoma hannu biyu cikin ruwan, ta ɗago ta shafa wa uwarta kumfa a hanci, ta ƙyalƙyale da dariya.